Gurup ɗin Atiliyenmu da Tanderun da Ke Jiranki

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe wannan takarda. Uwata Hadiza, mai sunan mahaifiyata, gaisuwa da sa albarka daga babanki. Allah Ya tsare miki hanya daga tashar Diffa har Damagaram, daga Damagaram har Yamai. Ya tsare jirgin da zai kai ki Maroko, Ya haɗa ki da mutanen kirki duk inda kika sauke jaka.

Na san za ki yi dariya ki ce Baba da baki ba ya masa ciwo, yau shi ne da rubutu. To, ke kika ja. Shekaranjiya da la'asar, kuna cire hancin tattasai ke da mamanki a tsakar gida, na tambaye ki aikin da masana'antar ta ce za ta ba ki. Kika ce sashen tanderu ne, inda ake gasa sassan motoci da na jiragen ruwa da aka yi da zaren gilashi da ƙaro. An ce ki nemo musu hanyar rage cin wuta a watannin gwaji, in kin iya su riƙe ki, in ba ki iya ba ki dawo. Sai kika sunkuyar da kai kika ce, "Baba, da na isa zan roƙe su su mai da ni ofishin zane. Ni da na yi karatun jarrabawar birbe da tocila, ni zan koya wa mutane tattalin wuta? Tanderunsu ɗaya ya fi ɗakinmu girma."

Ban amsa miki ba. Mamanki har ta ɗago ta dube ni, don tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin an yi mini tambaya na yi shiru ba. Ba rashin amsa ba ne. Amsar ce ta yi tsawo, kuma in na fara a baka sai na bi ta Toumour na dawo ta N'Guelbély kafin in iso inda za ni. Hanyar Damagaram doguwa ce. Ki gyara zama ki karanta.

Kin tuna atiliyenmu, wato shagon aikinmu na hanyar kogi, ko da ba ki tuna komai ba kin tuna warin da nake shigowa gida da shi, wanda ya sa mamanki ta ware wa kayan aikina igiyar shanya daban. Ni da kawunki Bukar, wan mamanki, muka buɗe shi. Ni ina koyarwa a makarantar koyon sana'a, shi ya sa ake ce mini Mushe, wato malam, shi yana noman tattasai a bakin Komadugu, sai mu haɗu Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Muna yin tankunan ruwa, da akwatunan ƙanƙara na masu kifi, da ƙananan kwale-kwale na ƙetare kogi. Aikin da za ki je yi, shi muke yi, sai dai namu na hannu ne. A shimfiɗa zaren gilashi a kan mul, wato uwar da ke ba abu siffarsa, a shafa ƙaron da muke ce wa rezin, a matse da abin birgima, a jira ya kama. Da sanyi rezin ba ya son kamawa, sai muka gina ƙaramin ɗakin zafi da bulon ƙasa, muka sa masa abin ɗumama na kuran, wato wutar lantarki. Shi ne tanderunmu. Kuran ɗin gari kuwa kin san halinsa, don haka muna da gurup ɗinmu, wato janareta, tsoho, ja, mai tari kafin ya tashi.

A shekarun farko ba mu taɓa tunanin mai ba. Kawunki yana buɗe ƙofa da safe zai ce bismillahi ya ja igiyar gurup. A ganinmu ƙarar inji ita ce alamar an fito aiki. Gurup na ruri mu ɗora shayi. Gurup na ruri mu gaisa da masu wucewa, mu tambayi ruwan kogi ya kai ina. Gurup na ruri ni ina neman almakashi, shi yana rantsuwa cewa ni na ajiye shi. Ɗakin zafi ya yi zafi, babu komai a cikinsa sai iska.

Da abin nan ya zo, rikicin 'yan bindigar nan, aka yanke layin wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, aka taƙaita mai har ya zama sai da izini kuma kaɗan-kaɗan, sai muka fara kallon jarka yadda ake kallon buhun hatsi a ƙarshen rani. Wata Juma'a na bi kawunki gona. Na tsaya ina kallonsa. Ya zagaya ya buɗe bakin kowane fangali, ya share hanyar ruwa, ya gyara tiyo, ya ajiye fartanya inda hannunsa zai kai. Sai da ya gama duka sannan ya taɓa igiyar injin ban-ruwa. Ruwa na isa fangalin ƙarshe ya kashe.

Na ce, "Babarbare, ashe kana da hankali. To me ya sa a atiliye kake barinsa a ƙofa tare da takalmi?"

Ya ce, "Mushe, a gona man nawa ne. A atiliye kuwa na mijin ƙanwata ne, kuma har yau ba mu gama cin sadakinta ba."

Muka yi ta dariya har maƙwabcin gonarsa ya leƙo. Amma washegari ba wanda ya taɓa gurup sai da muka yanka zare, muka shafa wa mul kakin zuma, muka jera goga da almakashi da kwano a kan tebur. Na buga ƙusoshi a bango na zana siffar kowane abin aiki da alli a ƙarƙashin ƙusarsa, in babu shi a wurin siffar ta tona. Jarkar da a da ba ta kai mu ƙarshen Lahadi sai ga ta tana tsallakawa wani mako.

Uwata, wannan shi ne abu na farko da za ki duba. Ki je gaban tanderun nan babba ki tsaya, hannunki babu komai, ki kalli lokacin da aka kunna shi da lokacin da kaya suka shiga. Abin da ke tsakani, shi ne shayinmu. A can ba shayi ba ne, wataƙila jiran keken ɗauko kaya ne, ko jiran wanda zai sa hannu, ko neman wani ƙarfe da ba a san inda aka ajiye ba. Ki tambayi kanki, wannan inji da ke ci yanzu, me yake jira, kuma wa ya sa shi jira? A littattafanku an ba wannan suna mai kyau, na gani a takardunki, tsarin aiki ba ɓarna. Sunan ya yi, amma da ido ake farawa.

Daga nan sai wayo ya yi mana yawa. Na zauna na yi lissafina na malamin makaranta, na ce ɗumama ɗakin zafi don tanki guda daidai yake da ɗumama shi don cike da tankuna. Gaskiya ne kuwa. Sai muka ce to kullum mu cika shi. An ba mu aikin tanki biyu, mu yi har ɗaki ya cika. Muka yi ta murna muna cewa kowane tanki yanzu ɗan mai kaɗan ya ci. Wata bai ƙare ba bayan atiliye ya zama kamar kasuwar tankuna, ba mai saye. Rana ta dinga dukansu har launinsu ya koɗe. Rezin ya ƙare mana a kansu, ranar da wani mai kifi ya zo da gaggawar akwatin ƙanƙara ba mu da abin yi masa.

Mamanki ta zo kawo mana fura, ta tsaya ta ƙare musu kallo, ta ce, "Baban Hadiza, waɗannan 'ya'yan naku yaushe za a yi musu aure?"

Kawunki ya ce, "Ki tambayi Mushe, shi ya haife su da alƙalami."

Ki riƙe wannan da kyau, domin masu ilimi ne suka fi faɗawa cikinsa. Abin da aka ƙera ba mai nema, duk wutar da ya ci ta tafi a banza, ko da kaɗan ya ci. Cika tanderu daidai ne, amma da aikin da aka riga aka nema. Abin da muka koma yi shi ne mu tara aikin mako, mu ware waɗanda ke son zafi iri ɗaya, mu gasa su rana ɗaya, mu gaya wa kowane mai kaya ranarsa tun farko. Mutane ba sa ƙin jira in an gaya musu gaskiyar rana. A can ma ki nemi wanda ke tsara jerin aiki ki zauna da shi. Sau da yawa wutar da ake nema a jikin tanderu tana ɓacewa ne a kan teburinsa, shi ma bai sani ba.

Akwai wani abu da ya daɗe yana yi mana fito a kunne. Injin hura iska da muke fesa fenti da shi yana da wani siririn sauti, tsss, ba dare ba rana. Kawunki ya sa masa suna macijin atiliye, in baƙo ya tambaya ya ce mai gadinmu ne. Mun saba da shi har in babu shi sai mu ji kamar an yi mana sata. Wata rana gurup ya mutu muna tsakar aiki, wuri ya yi tsit, macijin kaɗai ke magana. Muna zaune muna kallon allurar tankin iska tana sauka, tana sauka, ba wanda ya taɓa komai. A nan muka kalli juna. Shekara da shekaru muna ƙona mai muna hura wa sararin Allah iska. Ruwan sabulu muka shafa wa tiyo, inda ya yi kumfa muka ɗaure. Aikin bai kai shan shayi ɗaya ba.

Don haka in an tashi cin abincin rana, injuna sun yi shiru, kada ki bi mutane nan da nan. Ki zaga ki saurara. Babbar masana'anta macizanta sun fi namu yawa, kuma mutanen wurin sun daina jin su kamar yadda muka daina jin namu. Ke baƙuwa ce, kunnenki sabo ne. Wannan sabuntar ba ta daɗewa, ki yi aiki da ita kafin ki saba.

Ni kuma ina da wata ɗabi'a da kawunki ya yi ta yaƙi da ita. Ba na iya haƙuri da ƙofar ɗakin zafi. Jim kaɗan in buɗe in leƙa, in danna yatsa in ji ko ya kama. Duk buɗewa zafi ya fice, gurup ya ƙara nishi. Ya ce, "Mushe, in haka kake yi wa tukunyar ƙanwata, ban san yadda kuke cin tuwo a gidan nan ba." Ƙarshenta muka huda bango muka sa ɗan gilashi, muka rataya ma'aunin zafi a ciki inda ido zai gani daga waje. Na ji kin ce a can akwai ɗakin sanyi da ake ajiye zaren da aka riga aka jiƙa da ƙaro. To ƙofar sanyi da ƙofar zafi halinsu ɗaya. Ki lura sau nawa ake buɗewa, kuma me ake nema. Mutum ba ya buɗe ƙofa don mugunta. Wani abu yake son sani ko yake son ɗauka. Ki kawo masa shi waje, zai bar ƙofar.

Yanzu ga wanda ya fi duka nauyi, ki ajiye gyaɗar da kike ci ki karanta shi a natse.

Da mutanen bakin kogi suka taso gudun hijira suka zauna a sansanin Assaga, aka nemi mu yi tankunan ruwan sha da sauri. Mai ya yi ƙaranci ƙwarai. Muka ce tunda mun iya tattali, bari mu rage wa tankunan zama a ɗakin zafi. A ido sun yi kyau, a hannu sun yi tauri. Aka ɗauka aka kai. Bayan 'yan kwanaki aka dawo mana da su a amalanke. Rezin bai gama nuna ba, ruwa ya ɗauki warinsa, mata suka ƙi ba yaransu, kuma sun yi daidai. Muka sake ɗumama ɗaki, muka sake gasawa, muka wanke, waɗanda suka yi kumburi muka goge da injin gurza muka sake shimfiɗa zare. Man da gyaran ya ci ya fi wanda muka ce mun yi tsiminsa nesa ba kusa ba, ga mutane sun ƙara kwanaki suna jiran ruwa.

Uwata, akwai wutar da ke shiga cikin kaya, akwai wadda ke zagaye da su tana tafiya a banza. Ta biyu ce taki, ki bi ta duk inda ta ɓuya. Ta farko kuwa haƙƙin kayan ce da na wanda zai yi amfani da su. Sashen da za ku gasa, wani zai zauna a kansa da iyalinsa a kan hanya ko a kan ruwa. Kada ki taɓa lokacin gashi ko zafinsa sai an gwada an tabbatar, ko da wa ya matsa miki, ko da gwajinki na ƙarewa kina son abin nunawa. Kuma ki sani aikin da ya fito daidai tun karon farko shi ne mafi arhar wuta. Ki leƙa inda suke tara sassan da suka lalace. Kowane ɗaya a cikinsu ya sha tanderu ya ƙoshi kafin a jefar da shi.

Abu mafi daɗi da nake tunawa kuwa ba mu muka nemo shi ba. Wata Asabar aka wayi gari babu ɗigon mai a jarka, ga wasu murafen akwatin ƙanƙara mun shimfiɗa. Muka fitar da su waje don mu share ɗaki, muka rufa musu baƙar leda saboda awaki. Gefe guda tattasan kawunki ne a shanye, ja wur, har ido ba ya iya tsayawa a kai. Muka zauna ƙarƙashin dogon yaro muna hirar yadda kogi yake a da, lokacin da motocin tattasai ke jeruwa har bakin gada. Bayan azahar na ɗaga ledar, zafi ya bugi fuskata. Na ƙwanƙwasa murfi, ya amsa kamar ƙwarya. Na sa ma'aunin zafi ƙarƙashin ledar, ya hau kusan inda ɗakinmu ke kaiwa.

Kawunki ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi tattasansa, ya ce, "Wannan baiwar Allah tun zamanin kakana take busar mana da tattasai ba ta taɓa neman izinin mai ba. Mu kuma mun shige ɗaki muna kuka."

Ba mu yarda da ita a rana ɗaya ba, Assaga ta koya mana. Sai da muka gwada sau da yawa, muka cika da ruwa muka ɗanɗana, muka hau muka yi tsalle a kai. Daga baya muka shafe rufin ɗakin zafi da baƙin fenti, ƙananan kaya suka koma hannun rana, gurup ya zama na kwanakin tsananin sanyi kawai. Ban ce ki fitar da kayan mutane rana ba, kada su ce 'yar Diffa ta zo da hauka. Amma ki tambaya, zafin da ke fita daga tanderu bayan an gama gashi ina yake zuwa? Ba abin da za a ɗumama da shi? Irin wannan tambayar wanda ya taɓa rasa wuta ne take zo wa.

Kuma duk abin da kika gani, kada ki kai shi ofis kafin ki kai shi ga masu aikin wurin. Ki gaishe su, ki koyi sunayensu, ki ci abinci inda suke ci. Ni da kawunki ba wanda ya taɓa gyara ɗan'uwansa da umarni. Da tsokana muka gyara juna, kuma abin da muka gano tare shi ne ya zauna.

Atiliye dai kin san ƙarshensa. Da aka hana kwale-kwale a kogi kuma masu kifi suka watse, aiki ya tsaya. Kawunki ya kwanta ciwo bai tashi ba, Allah Ya ji ƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Gurup na nan a zaure na rufe shi da buhu. Wani lokaci in na fita bayan gari da hantsi na ji injunan ban-ruwa daga kwari, sai in tsaya. Ina iya gane wanda ke jan ruwa da wanda ke ruri a banza mai shi yana can yana neman fartanya, sai in ji kamar in juya in gaya wa Bukar. Cikin tankunan nan da ba su yi aure ba, ɗaya ya rage, shi ne wanda mamanki ke ajiye busasshen tattasai a ciki. Garin tattasan da ta ƙulla miki a jaka daga cikinsa ya fito.

Saura maganar tocila. Kin faɗe ta kina jin kunya, ni kuwa bari in gaya miki abin da na gani. Shekarar birbe ɗinki, bayan magariba, kina zaune bakin ƙofar ɗaki a kan tabarma. Batir ya yi wuya a gari. Sai ki kunna tocila ki karanta sakin layi ɗaya, ki kashe, ki maimaita shi da ka a cikin duhu. In ya zauna ki sake kunnawa ki ɗauki na gaba. Littafi da alƙalami da abin goge rubutu duk kin jera su gefen gwiwarki tun da sauran haske, don kada ki ɓata batir wajen nema. Ina daga zaure ina ganin hasken yana zuwa yana tafiya. Ba wanda ya koya miki. Abin da ya ɗauke ni da kawunki shekaru, da tankunan banza, da kunyar mutanen Assaga, ke kin yi shi a kan tabarma kina 'yar makaranta.

Waɗanda suka gina tanderun nan sun san yadda ake kunna wuta fiye da mu, ba na musu. Amma sun rubuto har Diffa ne suna neman wanda ya san lokacin kashe ta. Kada ki roƙi ofishin zane. In sun nuna miki tanderun, ki ce kin karɓa.

Mamanki na gaishe ki, ta ce kada ki ba kowa tattasan sai wanda ya yi miki kirki. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙunta, Ya buɗe miki ido da kunne a wurin aikinki, Ya sa hannunki ya zama sanadin alheri ga duk wanda zai hau abin da kika gasa. Ki riƙe salla. In kin sauka ki kira, ko da kuran babu wayata na da caji, na kashe ta tun jiya, sai ranar saukarki zan kunna ina jiranki.

Naki har kullum,
Babanki, Mushe Sani
Diffa